Buhu Na Goma Sha Ɗaya

A Kwangwalam aka tare motar,
ranar Laraba, bayan la'asar.
Takarda ta ce banda ce.
Direban, wani Nalado, ya yi ta rantsuwa
cewa banda aka loda masa,
kuma ban ce ƙarya yake ba.
Buhu goma banda ce kuwa.
Na sha ɗayan ne warinsa ya fita daban.

Ɗayyabu na kwastan ya kawo mini shi Katsina,
ya zazzage a kan tebur:
busassun abubuwa, toka-toka, masu kusurwa uku,
kamar guntayen ƙirgin da dukawa suka zubar.
Ya ce, "Malama Barira, mene ne wannan?"
Na ce ya ba ni kwana uku, in an kawo wuta.

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Ruwa mafi girma da na sani shi ne na Ajiwa,
inda babana ya tsufa a kan gora.
Cikin duhu, da tafin hannu kaɗai,
yake rabe kurungu da tarwaɗa.
Ni kuwa sai da safar hannu da reza
da 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba.

Na kankare abin da bai kai ƙwayar gero ba,
na narkar, na sa a inji.
Janareto ya mutu sau biyu.
Kowace halitta da tsagar gidansu,
ba a kunci ba, can cikin tsoka.
Ba wanzami ya yi ta ba,
rana ba ta kankare ta, gishiri bai cinye ta.
Haruffa huɗu ne kacal ke ta jeruwa,
amma da su ake kiran asalin kowa.

Daren na uku kwamfuta ta faɗi suna.
Kifin shak ne, mai kai kamar guduma,
ido ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan.
Abin da ke tebur fukafukansa ne.
Kusa da sunan an ja jan layi:
saura kaɗan a duniya.
Ba ƙwai suke sakawa ba,
haihuwa suke yi, kamar mu.

Babana in ya kamo ƙarami, mayar da shi yake,
ya ce, "Je ka girma, mu haɗu baɗi."
Waɗannan ma mayarwa suke yi.
Su fizgo shi, su yanke na baya, su yanke na gefe,
su tura shi ruwa da ransa.
Ba abin iyo, ba abin juyawa,
sai ya yi ta sauka, ido biyu,
har inda haske ya ƙare.

Duk don romon biki a wata ƙasa mai nisa.
An ce shi kansa ba ya da ɗanɗano,
sai an aro masa na kaza.

Na ƙirga ɗari biyu da goma sha huɗu.
Na rubuta, na sa hannu, na buga hatimi.
Mai kayan lambar waya ce kawai,
ita ma a kashe take.
Nalado dai yana tsare,
matarsa na kai masa fura.

Ran Juma'a na je Ajiwa
da ɗan guntun da ya rage a gwaji.
Idon baba ya tafi, hannunsa bai tafi ba.
Ya shafa sama, santsi.
Ya shafo ƙasa, kaushi.
Ya shinshina, ya daɗe bai yi magana ba.
Can ya ce, "Wannan ba ɗan ruwanmu ba ne.
Baƙo ne, kuma babba.
To, Barira, ina sauran jikinsa?"